Amin Ɗin Zinariya

A gidan Gwadabe mahauci, can wajen Ƙofar Ruwa, akwai wani ɗan ɗaki a ƙurya kusa da turken awaki. Mutanen ɗakin ba sa alwala, ba sa fita masallaci, amma kullum asuba sai ka ji ƙus-ƙus ɗin addu'a a ciki. Ɗakin Zinariya ke nan da 'ya'yanta biyu. Kiristoci ne, Hausawa kuwa tsantsa, daga wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Kano. Da mijinta ya rasu, Gwadabe, wanda ya daɗe yana sayen awakinsu, ya ce su taho birni yaran su koyi fawa. Ya san addininsu sarai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku yi abinku a ɗaki, ni ban gani ba."

Tun da aka yi tarzomar nan ta shekarar hamsin da uku tsakanin birni da Sabon Gari, fita coci ranar Lahadi ya zama abin sa ido, sai ɗakin ya koma shi ne cocinsu. Babban ɗan ya yi addu'a, uwa da ƙaramin su shafa goshi su ce amin. Haka ubansu ya bar su.

Babban nan sunansa Isiyaku. Ɗan fari ne, saboda haka Zinariya ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. "Kai wannan" take ce masa, in kuwa da wani take magana sai ta ce "yayan Salihu", don Salihu ne sunan ƙaramin. Yaron mahauta in yana da ƙirji da dantse ba ya tsallake dambe, Isiyaku kuwa Allah ya ba shi duka biyun. Da kaka ta yi aka kafa fage a filin da ke bakin ganuwa, aka haɗa shi da wani Nata'ala na mahautan Shahuci.

Naushi ɗaya ne Nata'ala ya kai wa Isiyaku, a gefen kunne. Waɗanda suke kusa sun ce ƙarar da suka ji ba ta zare da nama ba ce, kamar an taka ƙwarya ne. Fata ta tsage har ƙashi. Kafin wani ya ce a kwance hannun Nata'ala a duba, mutanensa sun ɗaga shi sama sun yi gida da shi ana ta kiɗa. Isiyaku ya kwana biyu a kwance, jini na bin kunnensa, ba abin da yake iya faɗa sai Inna, sannan ya cika. A amalanken da ake dakon nama aka tura shi zuwa maƙabartar Sabon Gari.

Sarkin dambe ya ce ai wasa ne, kwana ne ya ƙare. Wasa dai. To a je a gaya wa wadda ta kankare jinin da ya daskare a tabarma cewa wasa ne. Duk unguwa an san abin da ya faru. Kowane ɗan dambe yakan damƙe laya a tafin hannu kafin a naɗe masa zare, ba kuwa mai ƙarfin halin cewa a farke layar wani a ga abin da malaminsa ya rubuta. A cikin fatar layar nan Nata'ala ya ɗinke ƙarfe. An sani, an kuma yi shiru.

Addu'ar asuba ta dawo bakin Salihu, tunda shi ne namijin da ya rage. Ran da ya fara, ya durƙusa a inda yayansa yake durƙusawa, ya gode wa Allah don kwana da tashi, sannan murya ta canza.

"Ya Ubangiji, ka ga abin da aka yi mana. Ka ba ni Nata'ala a hannuna. Ka sa in kwantar da shi yadda ya kwantar da Yaya, kada ya sake tashi. Na roƙa da sunan Yesu."

Ya jira. Awaki na motsi a turke, ladan na kira a masallacin unguwa, ɗakin kuwa shiru. Ya buɗe ido ya ga uwarsa ta ɗora hannuwa a cinya tana kallon ƙasa.

"Inna, ba ki ce amin ba."

"Na ji ka," in ji ta.

"To ki ce mana."

"Wannan ba zan ce ba."

Kada wani ya ɗauka Zinariya waliyya ce. Wallahi in tana daka, kan Nata'ala take gani a cikin turmi, har matar Gwadabe takan leƙo ta ce ta yi a hankali kada ta fasa musu turmi. In ta ji kalangu daga nesa sai ta ji da ma ita ce namiji. Amin ɗin nan kullum yana bakin harshenta, da haƙori take danne shi. Abin da ya hana ta shi ne ta san da wanda ake magana. Mijinta yakan ce addu'a ba aike ba ce, ba ka miƙa wa Allah wuƙa ka nuna masa wuyan da zai yanka. Kai ne za ka tambaya me yake so. Ita kuwa ta san abin da take so, ta kuma san ba shi Allah yake so ba, kuma wannan sanin bai rage mata zafi ko kaɗan ba.

Haka aka ci damina aka shiga wata kaka. Kullum Salihu ya roƙi abu ɗaya, kullum uwarsa ta yi shiru. Ya rataye buhun yashi a bayan gida yana dukansa har fatar yatsunsa ta mutu. A mayanka, in an feɗe sa an rataye, sai ya kai wa haƙarƙari naushi har ya ji ƙashi ya amsa. Yaro mai fara'a ya koma ba ya dariya da kowa. Hira tsakaninsa da uwarsa ta ƙare a kan ga tuwo, na ƙoshi.

Wata ranar Alhamis Gwadabe ya tsaya a bakin ƙofarta ya yi sallama.

"Innar Salihu, yaron nan ya je wurin sarkin dambe da kansa ya ce a haɗa shi da Nata'ala. Gobe bayan la'asar za a yi. Na hana shi, ya ce ko in kore shi daga gida sai ya shiga. Ki ja masa kunne, ko naki zai ji."

"Maigida, shekara guda ina jan kunnen nan," in ji ta. "Ya kusa tsinkewa a hannuna."

Da asubar Juma'a Salihu bai fara addu'a ba. Sai ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye a gabanta. Laya ce, sabuwa, an ɗinke ta da jar fata.

"Yaushe muka fara riƙe laya a ɗakin nan?" in ji ta.

Ta ɗauka, hannunta ya yi ƙasa don nauyi. Ba sai an gaya mata ba. Guntun ƙarfe ne irin wanda ake tsinta a gefen layin dogo, ya ba wani baduku ya rufe masa.

"Da abin da ya zo da shi zan je masa," in ji Salihu. "Inna, kowa a fagen nan malaminsa ya tofa masa a tasa. Ni ba ni da malami sai ke. Ban ce ki ce amin a tawa ba, na haƙura da wannan. Ki yi taki a kan abin nan, ki tofa. Na san in kika roƙa ana ba ki."

Nan ne Zinariya ta ji tsoro na gaske. Yaron ya mai da addu'a laya, ya mai da uwarsa mai tsubbu, kuma da zuciya ɗaya yake roƙonta, idonsa cike da hawaye. Ta ajiye ƙarfen a ƙasa tsakaninsu, ta ture shi da bayan hannu, ta durƙusa.

"Ya Uba," ta ce, "ba zan yi maka ƙarya ba, tunda kana gani. Ni ma jinin mutumin nan nake so. Na fi yaron nan so. Amma kada ka ba ni abin da nake so, ka yi abin da kai kake so. Abu ɗaya na sani ba ka ƙi, shi nake roƙo. Kada ran mutum ya rataya a wuyan ɗana. Ka dawo mini da shi ba alhakin kisa, ko da a ɗauke za a kawo shi. Da sunan Yesu na roƙa."

Ita ma ta jira. Salihu ya miƙe tsaye, ya sunkuya ya ɗauki layarsa.

"Baki kika yi mini," ya ce a hankali. "Na zo neman albarka, kin roƙa a kawo ni a ɗauke."

Ya fita bai waiwaya ba. Ranar ba wanda ya ce amin a ɗakin.

Ta yi niyyar ba za ta je ba. Ta share tsakar gida, ta wanke tukwanen da suke a wanke. Amma da kalangu ya tashi bayan la'asar, sai ta ga ƙafarta ta kai ta bakin ganuwa. Ta kutsa cikin tsofaffin da ke sayar da fura da gyaɗa a gefen fage, ta sami inda take hango tsakiya.

Fili ya cika maƙil, har kan ganuwa samari ne a jere. Mahautan Ƙofar Ruwa a gefe guda, na Shahuci a ɗaya gefen, kowa da wuƙarsa a ƙugu don daga aiki suke. Aka yi ƙananan wasanni aka gama. Sai makaɗa suka juya kiɗa, Nata'ala ya fito yana taku da walki, ƙato, wuyansa ya kusa kai cinyar wani. Ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa ya yi kirari, ya nuna Salihu.

"Ga ƙanin na bara," ya ce, yadda kowa zai ji. "Gidan arna ba sa gajiya da kawo mini nama."

Aka yi dariya a gefensu. Salihu bai yi kirari ba. Ya shigo ya tsaya, ya miƙa hannun hagu a buɗe don kariya, ya ja na dama baya.

Suka yi ta zagaya juna, ƙura na tashi. Salihu ya kai ya sami iska. Ya sake kaiwa, Nata'ala ya goce ya sakar masa a haƙarƙari, har daga inda take Zinariya ta ji numfashin ɗanta ya fita. Ya yi tangaɗi amma bai faɗi ba. A dambe, muddin gwiwarka ko hannunka bai taɓa ƙasa ba, wasa bai ƙare ba. Aka raba su aka ba su ruwa. Salihu ya kurkure baki ya tofar, ruwan ja ne.

Da aka koma, Nata'ala ya daina wasa da shi. Ya sami girar hagu, fata ta buɗe kamar an sa wuƙa, jini ya rufe rabin fuskar Salihu ya gangara ƙirji. Irin tsagar da ta wanke bara ce, sak. Ta san wannan aikin, ta san da me aka yi shi. Wata tsohuwa mai fura ta ce, "Wayyo, ɗan wa ye wannan, ina uwarsa?" Zinariya ta damƙe bakin zanenta har farcenta ya huda shi.

Nata'ala ya matso don ya ƙarasa, ya miƙo hagu yana auna kan yaron. Sai Salihu ya sako nasa daga ƙasa da duk ƙarfin shekara guda. Bai sami kai ba, ya sami hannun kariyar a tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Ƙashi ya ce ƙas. Hannun ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwasa, ya faɗi yana reto. Nata'ala ya buɗe baki, ya yi baya yana tangal-tangal, idonsa a kan hannunsa. Yana tsaye dai, bai taɓa ƙasa ba. Kansa a buɗe, gefen kunnensa a fili, ba abin da zai kare da shi.

Salihu ya ja hannu baya har ƙarshe.

Abin da Zinariya ta danne da haƙori shekara guda sai ya ɓalle. Ba ta san lokacin da ta ture mai fura ta faɗa bakin fage ba, ɗankwali ya faɗi, murya ta fi kalangu.

"Amin, Salihu! Na ce amin! Fasa kansa, don Isiyaku!"

Sunan da ba ta taɓa kamawa ba tun ran da ta haife shi, ran nan ta kama shi, a gaban maza, tana neman jini da shi.

Salihu ya ji. Da idon da ya rage masa a buɗe ya dube ta, hannunsa na sama. Ba a daɗe ba, amma ita ta ga kamar an yini. Sai ya sauke hannun a hankali. Ya sa gwiwa a ƙasa, ya dafa ƙasa da naɗaɗɗen hannun, a gaban kowa. Ya ba da wasan ke nan. Makaɗa suka rikice, wani ya ci gaba, wani ya tsaya.

Wanda ya taɓa ƙasa ba a dukansa. Wannan ko yaron goye a gidan mahauta ya sani. Amma Nata'ala zafi da kunya sun rufe masa ido. Ya tako, ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya sauke shi a kan fuskar mutumin da yake durƙushe. A kan idon hagu ya sauka. Salihu ya kife.

Daga nan ba dambe ba ne kuma. Mahautan Ƙofar Ruwa suka afka fage, na Shahuci suka tare su. Aka zare wuƙaƙe, aka fasa wa wani makaɗi kalangu a ka, ƙoren fura suka tarwatse ana tattaka su. Wani ya riƙe kunnensa da ya kusa rabuwa da kai yana gudu. 'Yan doka suka iso da kulake suna bugun wanda suka samu, mai laifi da mai kallo. A cikin wannan hargitsi mutanen Nata'ala suka sake sulalewa da shi, wannan karon ba kiɗa. Zinariya ba ta ga ko ɗaya ba. Ta kwanta a kan ɗanta ta rufe shi da jikinta, ana taka bayanta, har Gwadabe ya zo ya ɗaga ta.

A amalanken nama aka kawo shi gida. Shi dai wannan amalanken na bara.

Wanzami ya zo ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ja Gwadabe gefe ya ce yaron zai tashi, amma idon ya tafi. Zinariya ta zauna ta kwance zaren hannunsa da kanta, sawu bayan sawu. Yatsu biyu sun karye a kan ƙarfen. Ta ɓamɓare su ta ciro jar layar, ta fita ta jefa ta a shadda.

Ba ta iya addu'a ba. Duk sanda ta buɗe baki sai ta ji muryarta ta fage. Ta roƙa a kawo shi ko da a ɗauke, ga shi an kawo shi a ɗauke. Ta kuma roƙi kishiyar wannan da babbar murya, an hana ta. Ta rasa wanne za ta yi wa kuka, ta rasa da wace fuska za ta koma gaban wanda ya ji duka biyun.

Da asuba ladan ya yi kira, Salihu ya motsa. Fuskar ta kumbura har ba a gane shi, magana da ƙyar take fita ta gefen baki.

"Inna."

"Ga ni."

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba. Hannu ne ya karye." Ta matso kusa da shi. "Salihu, ni na ja maka. Na ce amin. Na yi maka ihu ka waiwayo."

"Na ji ki," in ji shi. Ya huta, ya tattaro numfashi. "Ba waiwaye ne ya hana ni ba. Ina ganin kunnensa sarai. Matar da ta yi ihun nan ce ban sani ba. Na ga in na sauke hannun nan, ita zan riƙa tararwa a ɗakin nan kullum. Yaya ya tafi, ke ma in rasa ki."

Zinariya ta sa bakin zane ta toshe bakinta, kafaɗunta na rawa. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga kuma wani sanyi a ƙirji da rabonta da shi tun bara.

"Lokacin addu'a ya yi," ta ce da ta sami murya. "Kai ba za ka iya ba, ni kuwa yau ba ni da baki."

"Ba sai an yi sabuwa ba," in ji Salihu. "Ta jiya tana nan. Kin yi, na fita ban amsa ba."

Ya ɗago hannun da yatsunsa suka karye, yana cije leɓe don zafi, ya kai shi goshi a saman ƙyallen da aka ɗaure idon da shi.

"Amin," ya ce.